Babi na Shida: Injin Tururi, Daga Wilin Mota Zuwa Gindin Gado

Duk abin hawan da ya taso daga Babban Duhu ya nufi kasuwar Batsari ranar Alhamis, ko ya bi ta Safana ya gangara Dutsin-Ma, ƙafafunsa ne ke fara nuna irin hanyar da ya biyo. Da damina jar laka ce ke cika wili har ta toshe tsakanin taya da madigadi. Da rani kuma ƙurar burji ce, wadda ke gamuwa da giris da baƙin mai ta daskare ta zama wani irin danƙo. Mai babur da direban motar haya duk sun san maganin da aka gada: bokiti, soso, omo da tsumma, sai kuma jarka biyu ko uku ta ruwa, in an samu.

A 'yan shekarun nan an fara ganin wata na'ura a shagunan kayan lantarki na Kano da Katsina, da kuma cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai. Girmanta bai wuce na ƙaramin bokiti ba, tana da tiyo da bakuna kala-kala, ana zuba mata ruwa a jona ta da wuta, bayan 'yan mintuna ta riƙa feso tururi. Masu tallarta na cewa tana wanke komai ba sabulu ba magani, da ruwan da bai kai cikin buta ba. Maganar ruwan gaskiya ce, amma akwai abin da ba su faɗa. Injin tururi ba ya yin aiki a banza: abin da ya rage maka na ruwa, yana karɓarsa a wuta. Saboda haka a ƙasar da ruwa ke da wuya, wutar lantarki kuma ta fi shi wuya, ba a sayensa don ya maye gurbin bokiti. Ana sayensa ne don 'yan ayyukan da bokiti ya kasa, kuma waɗannan ayyukan ne wannan babi zai tantance.

Inda ƙarfin tururi yake

Bahaushe ba baƙon tururi ba ne. Da shi ake dafa dambu a madambaci, da shi mata ke turara shinkafa kafin a kai ta inji, da shi mai mura ke yin sirace. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yawan zafin da tururi ke ɗauke da shi. Idan aka ɗora lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 25 a wuta, tana buƙatar wani adadi na zafi kafin ta kai digiri 100 ta tafasa. Amma kafin wannan tafasasshen ruwa ya ƙone ƙurmus ya zama tururi, sai ya sha kusan ninki bakwai na wancan zafin na farko, ba tare da ma'aunin zafinsa ya ƙaru ba. Zafin yana nan ɓoye cikin tururin. Da zarar ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa, sai ya sauke shi gaba ɗaya a wurin. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, shi ya sa kuma daskararren maiƙo ke narkewa nan take in tururi ya same shi.

Abu na biyu shi ne kumbura. Lita ɗaya ta ruwa kan ba da tururin da zai cika mazubi mai cin lita kusan 1,700. In aka kulle shi cikin tukunyar ƙarfe, matsinsa na hawa, zafin tafasa ma ya haura digiri 100. Wani masani ɗan Faransa, Denis Papin, shi ya nuna haka a 1679 da ya ƙera tukunya mai rufaffen murfi, ya kuma sanya mata bawul da ke sakin tururi in matsin ya yi yawa. Wannan bawul yana nan a injin tururi mai tukunya har gobe. Amfani da tururi wajen wanke maiƙo kuwa a Amurka ya bunƙasa cikin shekarun 1920, ta hannun wani mai suna Frank Ofeldt. A Jamus, Alfred Kärcher, wanda ya kafa kamfaninsa a 1935, ya fito da injin fesa ruwan zafi mai matsi a 1950. Ƙaramin injin tururi na cikin gida kuma kamfanonin Italiya irin su Polti ne suka yayata shi a shekarun 1980.

Irin na gida da ake samu yau yakan ci wuta wat 1,000 zuwa 2,000. Tukunyarsa takan ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zafin cikinta ya kai digiri 130 zuwa 150. Sai dai tururin na fara hucewa tun daga bakin tiyo. A tazarar taƙi guda ya zama ɗumi kawai. Don haka aikinsa na kusa ne, kuma na sannu a hankali.

Kada a rikita shi da injin fesa ruwa da ake gani a wuraren wankin mota na birnin Katsina. Wancan ƙarfin bugun ruwa yake aiki da shi, yana kwashe laka ya zubar, kuma ƙaraminsa ma kan sha lita 300 zuwa 500 a awa. Injin tururi kuwa bai fi lita 2 zuwa 3 yake ƙonawa a awa ba, amma ba ya kwashe komai. Sassauta dauɗa kawai yake yi, tsumman da ke hannunka ne zai ɗauke ta. Wanda ya fesa tururi bai bi da tsumma ba, ya matsar da datti ne daga wani lungu zuwa wani.

Wili da abin da ke manne masa

Dattin wili iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Na farko laka da ƙura. Wannan ba aikin tururi ba ne ko kaɗan. In lakar ta bushe, a kankare ta da ɗan itace, a goge da burushi, sannan a watsa ruwa kwano biyu ko uku. Wanda ya ce zai narkar da lakar damina da tururi zai ƙarar da man janareta kafin ya gama ƙafa ɗaya.

Na biyu maiƙo: giris da ya tsatso daga boris, baƙin mai da sarƙar babur ke watsawa kan wilin baya, kwaltar da ta manne daga sabon titi. Nan ne tururi ya fi kowa. Yana shiga gindin sifok, da kewayen noti, da ramukan wilin aluminiyam inda yatsa da soso ba sa kaiwa, ya narkar da danƙon a goge shi. Da yawa daga masu wankin babur fetur ko kananzir suke amfani da shi a wannan aiki, abin da ke busar da fatar hannu, ya lalata roba, ya kuma jawo gobara in wani ya ƙyasta ashana a kusa.

Na uku shi ne baƙar ƙurar birki. Duk lokacin da aka taka birki, fatar birki na gogar ƙarfe, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi su tashi su manne a jikin wili. Shi ya sa ƙafafun gaba na mota suka fi na baya baƙi, domin su ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Sabuwar ƙura tururi na ɗaga ta cikin sauƙi. Wadda ta shekara ta nutse cikin fenti ta yi tsatsa kuwa, sai dai maganin wanke wili na musamman, tururi ya taimaka masa kawai.

Akwai gargaɗi a kan wannan ƙura da ya kamata kowane bakanike ya sani. Wasu fatun birki masu araha har yanzu ana haɗa su da asbestos, ma'adinin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo sankarar huhu. Hure kwanon birki da baki ko da iskar mai faci na tayar da ƙurar ta shiga ƙirji. A jiƙa wurin tukuna kafin a taɓa shi, ko da tururi za a yi aikin, don feshin tururi a kan busasshiyar ƙura shi ma yana watsa ta.

Tsarin aikin ba wuya. A bar abin hawa ya huce a inuwa. A cire laka. A ɗaura ƙaramin baki mai burushin roba, ba na waya ba, don na waya na karce fenti. A riƙe bakin kusa da wili ana tafiya da shi, kada a tsaya wuri ɗaya, a riƙa bi da tsumma kafin wurin ya huce. Wurare huɗu ake kauce wa: bakin boris, domin tururi na narkar da giris ɗin cikinsa ya bar danshi, bawul na taya, wayoyin lantarki da na'urorin da ke kusa da birki a motocin zamani, da kuma cikin kwanon birkin babur irin su Boxer. In an wanke sarƙa, a bari ta bushe a sa mata mai kafin a hau. In an gama duka, a ja abin hawan a hankali a taka birki sau da yawa, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai da farko.

Gaskiyar magana, ga mai babur ɗin da zai koma hanyar Runka ko Wagini gobe da safe, ƙyallin wili ba zai kai azahar ba. Ribar da zai samu ita ce ta ido: wili mai tsabta na nuna tsagewa, da sifok da ya saki, da man da ke yoyo, tun kafin su tsayar da shi a inda babu mai son tsayawa. A yankin da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, kowa ya san lalacewar abin hawa a hanya ba ƙaramar magana ba ce.

Cikin gida

A gida ma ƙa'idar ɗaya ce: inda maiƙo ya haɗu da lungu, tururi na da aiki. Kan risho ko murhun gas, robar ƙofar firji, tsakankanin tayil na banɗaki, makarin taga inda ƙurar hunturu ke taruwa, injin markaɗe bayan an kashe shi an kwance, duk yana tsabtace su da ruwa kaɗan. Kujerun kushin da kujerun mota ma yana ɗaga musu datti da wari, muddin za a bar su su bushe sarai.

Amma yawancin gidajen ƙauyukan Safana da Batsari ba don irinsu aka ƙera shi ba. Bangon ƙasa da yaɓe da daɓe danshi ne abokin gabarsu, tururi zai ɓurma su. Ledar tsakar ɗaki takan yamutse ko gam ɗinta ya saki. Fentin ruwa yana ɓarewa, katakon da aka matse daga dusar itace yana kumbura, fatar jima tana ƙeƙashewa. Gilashin taga da sanyin safiyar Janairu ya kama na iya tsagewa in zafi ya same shi farat ɗaya. Baƙin gindin tukunya kuma ya riga ya ƙone ya kama, toka da yashi sun fi kowane inji iya shi.

Akwai kuma batun tsarki. Tunda tururi ba ya gudana ya tafi da abin da ya tarar, bai kamata a ɗauka cewa fesa shi a kan tabarma ko darduma da fitsarin yaro ya taɓa ya wadatar ba. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta sharɗanta ruwa mai tsarki mai tsarkakewa wajen gusar da najasa. A wanke da ruwa yadda aka saba, tururi ya zo daga baya in ana so.

Kuɗin cizo

In akwai aiki ɗaya da zai sa a ce injin ya biya kuɗinsa a gidan Bahaushe, to wannan ne. Kuɗin cizo na ɓuya da rana a ɗinkin katifa, da mahaɗar gado, da tsagar bango, ya fito da dare. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma a sassan duniya da dama ya daina jin yawancin magungunan feshi da ake sayarwa. Inda mutane suka cunkushe, kamar makarantun kwana, da makarantun allo, da gidajen da suka karɓi 'yan uwa da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, yaɗuwarsa ba ta da wuya.

Abin da aka fi kamawa shi ne ota-fiya-fiya ko Sniper, masu ɗauke da sinadarin dichlorvos. Wannan guba ce mai ƙarfi da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ita a kasuwanni saboda yawan rayukan da ta ci. Fesa ta a shimfiɗar da jariri zai kwanta ganganci ne.

Zafi kuwa ƙwaro ba ya sabawa da shi. Kuɗin cizo da ƙwansa suna mutuwa in zafi ya kai wajen digiri 50 ya ɗan jima, a digiri 60 kuma ba sa ɗaukar lokaci. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke fitar da gado rana su kwarara masa tafasasshen ruwa. Tururi na yin wannan aiki ba tare da ya jiƙe katifa sharkaf ba, yana kuma kutsawa cikin tsaga. Sharaɗin shi ne a ɗaura faffaɗan baki, a naɗe shi da tsumma don kada ƙarfin feshin ya watsa ƙwarin su tsere, a riƙa jan sa a hankali ƙwarai bisa kowane ɗinki da kowace mahaɗa. Zafin ba ya nutsawa can cikin soson katifa, kuma ba ya barin komai da zai kashe wanda ya tsira. Don haka sai an maimaita bayan mako guda ko biyu, an wanke zannuwa da ruwan zafi, an shanya katifa a rana, an kuma lilliƙe tsagogin bango. Gidan da ya yi nasa shi kaɗai alhali gidan da ke jikinsa bai yi ba, baƙinsa za su dawo.

Wuta da ruwa

Yanzu sai lissafin da mai talla ba ya yi. Inji mai wat 1,500 yana jan wuta kamar dutsen guga babba. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna ƙwai da fanka da cajin waya, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba. Sai janareta mai kVA 2.5 zuwa sama. Ƙaramar solar gida ma haka: inbata mai kVA 1 za ta yanke nan take, babba kuma batirinta zai zube da wuri in ba da tsakar rana aka yi aikin ba. Wutar KEDCO, inda layinta ya kai kuma take zuwa, in ta zo da rauni injin zai daɗe bai tafasa ba, tururin ya fito da ruwa-ruwa. Siririyar wayar jone irin ta cajin waya kuma zafi za ta yi ta narke, domin injin na jan wajen amfiya 6 da rabi.

Mai sayen na hannu ya duba rubutun da ke gindinsa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan Turai sun dace da ita, amma na Amurka bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙonewa ne. Ya duba robar murfi da bawul, ya kuma nemi a gwada masa a shagon kafin ya biya.

Ruwan da ake zubawa ma yana da magana. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da narkakkun ma'adinai, waɗanda ke zama farin ɓawo a cikin tukunya, irin wanda ake gani a gindin butar mai shayi. Tunda injin ƙone ruwan yake yi gaba ɗaya, ɓawon na taruwa da sauri ya toshe baki ya kashe abin dumamawa. Tacaccen ruwan sama ya fi dacewa. In babu, a tace wanda ake da shi, a riƙa ɗauraye tukunyar, a kuma bi umarnin takardar injin wajen cire ɓawon. Ba a zuba omo, ko turare, ko maganin ƙwari, balle fetur. Ruwa zalla.

Kiyaye kai

Haɗarin da ya fi yawa shi ne buɗe murfi alhali tukunya na da matsi. In ruwa ya ƙare, a cire wuta, a matsa makunni har tururin ya daina fita, a jira ta huce, sannan a buɗe. A sa takalmi rufaffe, a kori yara daga wurin, kada a gwada zafin da tafin hannu. In ƙuna ta auku, a riƙa zuba ruwa mai sanyi a wurin har na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, in ta yi faɗi ko ta shafi fuska ko yaro ne a tafi asibiti. Man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da gishiri duk ƙara ɓata ciwon suke yi.

Wa ya kamata ya saya?

Magidancin da ke Babban Duhu, mai babur ɗaya da ɗakunan ƙasa, ba shi da buƙatarsa. Kuɗin ya fi masa amfani a sabuwar taya, bokitinsa da rana da tafasasshen ruwa kuma sun ishe shi. Wanda injin zai yi wa rana shi ne mai wurin wankin mota a Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina, wanda dama yana da babban janareta, ya ƙara wankin kujeru da na wili cikin sana'arsa. Ko bakanike mai son ganin inda mai ke yoyo. Ko hukumar makarantar kwana da asibitin da ke fama da kuɗin cizo. Ko su ma su tuna cewa na gida ba a yi shi don aikin yini guda cur ba, yana buƙatar hutu tsakanin kowane ciko.

Hanya mafi dacewa da ƙauye ita ce ta haya, yadda ake yi da injin casar hatsi da injin ban ruwa: mutum ɗaya ya mallaka, ya koyi aikin da kyau, ya riƙa zagayawa da shi da janaretansa, unguwa guda ta haɗa kuɗi a bi ɗakunanta a rana ɗaya. Da haka kuɗin mai ke raguwa a kan kowa, maganin kuɗin cizon ma ya fi kamawa. Tunda kuwa komai a nan ya rataya ne a kan wuta, babi na gaba zai duba yadda ake auna ƙarfin janareta da sola kafin a ɗora musu kaya.